Tsabtar hanji da idon na'ura: wa ya kamata ya ba da maki?

A rahoton da ake miƙa wa mutumin da aka duba babban hanjinsa da kyamara, akwai layi guda da ido kan tsallake. Kowa na gaggawar isa inda aka rubuta ko an ga tsiro, ko an ga gyambo, ko kuwa komai lafiya lau. Layin da ake tsallakewa shi ne wanda ke bayyana yadda hanjin ya wanku kafin a shiga, alhali sauran rahoton duka a kansa ya jingina. Idan likita ya rubuta cewa bai ga komai ba, amma sulusin bangon hanjin yana lulluɓe da ragowar bayan gida, ma'anar maganarsa ita ce bai ga komai ba a iya wurin da ya samu gani.

Wannan bincike, da likitoci ke kira kolonoskofi, ana yin sa ne da siririn tiyo mai kyamara da fitila a kansa, wanda ake turawa ta dubura har zuwa inda babban hanji ya haɗu da ƙarami, sannan a riƙa janyo shi a hankali ana kallon allo. Tafiyar ta kai kusan mita ɗaya da rabi, cikin hanya mai kwana-kwana da ninki-ninki. Abin da ake farauta kuwa sau da yawa bai wuce girman ƙwayar wake ba: ɗan tsiro ne da ake kira adenoma, wanda idan aka bar shi shekaru yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji, idan kuma aka gan shi ana iya tsinke shi nan take. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mutum kusan miliyan 1.9 ne suka kamu da dajin babban hanji da dubura, kuma kusan 900,000 suka mutu sanadinsa. A jerin ciwon dajin da ya fi kisa, dajin huhu kaɗai ke gabansa.

Kafin kyamara ta ga wani abu, sai hanji ya zama fes. Majinyaci zai kauce wa abinci mai harza kwana guda kafin ranar, sannan ya sha maganin wankin ciki, wanda a tsarin da aka fi sani ya kai lita 4 na ruwa mai ɗanɗanon gishiri-gishiri. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta 2019 ta ce a raba shan gida biyu, a fara kashi na ƙarshe cikin awa 5 kafin aikin, a gama shi aƙalla awa 2 kafin a fara. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa binciken sun fi ƙorafi a kan wannan dare fiye da aikin kansa. Wasu amai ke cin ƙarfinsu, wasu su ajiye jarkar a rabi, wasu kuma ba su fahimci takardar umarnin ba tun farko. Alƙaluman da aka saba ambatawa a rubuce-rubucen likitoci suna kai waɗanda hanjinsu bai wanku yadda ake so ba zuwa kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

Shekaru da dama likitoci sun wadatu da kalmomi irin su "ya yi kyau", "ba laifi", "bai yi ba". A 2009 wasu likitoci a cibiyar lafiya ta Jami'ar Boston suka fitar da ma'aunin da a yau ya fi kowane karɓuwa. Sun raba hanjin kashi uku, na dama da na tsakiya da na hagu, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Sifili na nufin daskararren bayan gida ya rufe bangon, ba ya wankuwa. Ɗaya na nufin an ga wani sashe, wani kuma ya ɓuya. Biyu na nufin akwai 'yan ɓurɓushi amma bangon ya fito sosai. Uku na nufin tas. Jimilla 9 ke nan, kuma ana ba da makin ne bayan likita ya gama fesa ruwa da zuƙe abin da zai zuƙu.

Duk rigimar tana kan iyakar da ke tsakanin 1 da 2. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a asibitin tsofaffin sojoji a jihar Connecticut ta Amurka, ya sa an sake duba hanjin mutane a karo na biyu don a ga abin da aka tsallake. A sassan da suka sami maki 2 ko 3, adenoma da ta haura milimita 5 ta kuɓuce a kusan kashi 5 cikin 100. A sassan da suka sami maki 1, adadin ya kai kusan kashi 16. Saboda irin wannan ne ƙa'idojin Amurka da Turai suka ce wanda hanjinsa bai wanku ba a sake masa binciken cikin shekara guda, alhali wanda aka duba shi tas ba a ga komai ba ana iya ce masa sai bayan shekara 10. Lamba ɗaya ce ke raba waɗannan sallama biyu.

Wanda ke rubuta lambar kuwa shi ne wanda ya yi aikin. Yakan rubuta ta bayan ya cire safar hannu, daga abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa na tafiyar minti ashirin ko talatin, wataƙila kuma wannan ne majinyaci na takwas a ranar. Ya sha wahalar wankewa, don haka zuciyarsa na son ta yarda wankin ya yi. Ya san idan ya rubuta 1 sai ya fuskanci mutumin da ya kwana yana zarya zuwa banɗaki ya ce masa a sake. Ya kuma san ana auna sashensa da yawan hanjin da suka wanku, domin ƙungiyar Turai ta sa kashi 90 cikin 100 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a lamunta. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba kafin a gane inda alƙalami zai karkata idan abu ya tsaya tsakanin 1 da 2. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a nan mai idon shi ne mai hatsin, shi ne kuma mai awo.

Ta wannan ƙofa ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Hanyar ba ta da sarƙaƙiya a bayani: a tara dubban hotunan cikin hanji, ƙwararru su sa wa kowanne maki, a ciyar da manhaja da su har ta koyi danganta kamannin hoto da makinsa, sannan a jona ta da allon da likita ke kallo. A 2017 masu bincike a Norway suka saki tarin hotuna mai suna Nerthus, bidiyo 21 da hotuna 5,525 masu ɗauke da makin Boston, don kowa ya gwada basirarsa a kai. Aikin da ya fi tashe ya fito ne daga asibitin Renmin na Jami'ar Wuhan a ƙasar Sin, inda aka ƙera manhajar ENDOANGEL. A rahotonsu na 2020, manhajar tana ba da maki duk bayan daƙiƙa 30 yayin da ake janyo tiyon, kuma a gasar da aka haɗa ta da likitoci a kan hotuna 120 ta dace da amsa a kusan kashi 93 cikin 100, ta wuce dukkansu. A 2021 suka ƙara da gwaji a kan majinyata 616, wanda mujallar Lancet Digital Health ta buga. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne makin na'urar ya tafi kafaɗa da kafaɗa da abin da ake nema: duk lokacin da ta nuna hanji ya fi datti, yawan adenoma da ake ganowa sai ya ragu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na'ura ba ta gajiya da ƙarfe biyu na rana, ba ta dogara da tunowa, ba ta jin nauyin majinyaci, ba kuma a ƙara mata girma don sashenta ya kai kashi 90. Shugaban asibitin da ke son sanin ko maganin wankin da suka koma saye mai rahusa yana aiki, ko takardar umarninsu tana isar da saƙo, a karon farko zai iya samun awo guda da bai canzawa daga likita zuwa likita. Kuma ƙaramin gyara a wannan fanni yana da nauyi a rayuka. Binciken da aka yi a cibiyoyin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya, wanda aka buga a 2014, ya gano cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a yawan adenoma da likita ke ganowa yana tafiya da raguwar kashi 3 cikin 100 a haɗarin dajin da ke ɓullowa bayan an duba mutum an sallame shi.

Amma kafin a ɗora mata rawani, ya kamata a tuna waye malaminta. Amsar da ake cewa na'ura ta dace da ita amsar wasu likitoci ce da suka zauna suka yi wa hotuna maki. Idan su ma sun saba sassautawa a kan iyakar 1 da 2, ɗalibarsu za ta gaji sassaucin, sai dai ita za ta riƙa maimaita shi ba fashi, da kwarjinin lissafi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan dabara. Ma'aunin Boston yana tambaya ne game da bango: nawa daga cikinsa aka gani bayan an wanke? Manhaja irin ta Wuhan kuwa tana ƙirga hotuna: a cikin duk waɗanda suka gilma a allo, nawa ne masu datti? Tambayoyin sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Likita mai haƙuri, wanda ya tsaya minti uku a kan wani kududdufi yana fesawa yana zuƙewa har bango ya fito, ya cika allon da hotuna masu datti, don haka awon da ke ƙirga hotuna na iya rage masa maki. Mai gaggawa da ya kawar da kyamara daga wurin ya wuce zai iya fita da maki mai kyau. Na'ura ba ta ganin abin da ba a nuna mata ba, bayan ninkin da ba a leƙa ba kuwa babu shi a lissafinta. Duk asibitin da ya ɗaura alawus ko ƙarin girma a kan wannan lamba kaɗai, ba da jimawa ba zai koya wa ma'aikatansa yadda ake faranta wa manhaja rai.

Babban abin da ke rage darajar makin cikin ɗakin aiki, duk da haka, shi ne lokacin da yake zuwa. Sa'ar da lambar ta bayyana a allo, majinyaci ya riga ya sha lita huɗunsa, ya bar aikinsa, ya biya kuɗi, an yi masa allurar barci. Lambar za ta faɗi gaskiya, amma gaskiya ce da ba ta iya gyara wannan rana. Shi ya sa reshen wannan fasaha da ya fi cancantar a zuba masa ido shi ne wanda ke aiki tun a gida. A wani gwaji da aka yi a asibitoci da dama a Sin lokacin annobar korona, aka buga a 2022, majinyata fiye da 1,400 aka raba gida biyu: wasu suna ɗaukar hoton abin da suka fitar bayan shan magani su tura wa manhaja ta ce ya yi ko bai yi ba, wasu kuma suna auna kansu ta hanyar da aka saba. Sakamakon ɓangarorin ya zo kusan ɗaya, wato manhajar ta iya riƙe wannan aiki. Wani gwajin daga Shanghai a 2023, da manhajar waya mai duba hoto tana kuma ba da shawarar mataki na gaba, ya samu ƙaruwa a yawan waɗanda hanjinsu ya wanku. Hikimar a fili take: mutumin da ya ji da asuba cewa ruwan da ke fita bai washe ba yana da sauran dama. Zai iya ƙara shan magani, ko a matsar da shi zuwa la'asar, ko a ɗage ranar kafin a ɓata allura da kuɗi.

A nan ne batun ya taɓo masu zuwa asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da cibiyoyi masu zaman kansu na Abuja, inda ake yin wannan bincike. Manhajar da ta koyi aikinta a kan hotunan farin tangaran na banɗakin zamani, ƙarƙashin hasken lantarki, ba ta da abin cewa ga mai amfani da masai, inda abin da ya fita ya tafi ke nan. Sai dai a ba shi farin fo ko roba, a kuma gwada ko manhajar na gane hoton da aka ɗauka da tocilan ƙarfe huɗu na dare. Takardun umarnin da ake kwafowa daga waje suna hana nau'o'in abincin da ba a san su a kasuwar Rimi ba, su yi shiru a kan waɗanda ake ci kullum: tuwon dawa da furar gero da ba a raba su da dusa sosai ba, miyar kuka da kuɓewa, wake, zogale, riɗi mai maƙalewa a bangon hanji. Suna cewa a guji jan abin sha domin yana iya kama da jini a allo, amma ba su ambaci zoɓo ba, wanda shi ne abin da mai jin ƙishi zai fara miƙa wa hannu yana ganin ai ruwa ne. Haka ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, da ke baƙanta bayan gida su sa shi danƙo, waɗanda ya kamata a dakatar da su kwanaki kafin ranar.

Maganin irin wannan giɓi ba ya buƙatar manhaja. A birnin Xi'an na Sin, wani gwaji da mujallar Gut ta buga a 2014 ya nuna cewa kiran waya guda, kwana ɗaya kafin aikin, ana sake yi wa mutum bayanin abin da zai ci da yadda zai sha maganin, ya ɗaga yawan waɗanda hanjinsu ya wanku daga kusan kashi 70 zuwa kusan kashi 82 cikin 100. Asibitin da bai iya ware ma'aikaciyar jinya guda da katin waya don ta yi wannan kira da Hausa ba, bai kamata ya fara da sayen lasisin manhaja da dala ba. Wanda kuma ya kai ga sayen, wajibi ne ya fara gwada ta a kan bidiyon majinyatansa, ya kuma amsa tambayar da mai kunya zai yi shakkar furtawa: hoton bayan gidansa, haɗe da lambar wayarsa, a wace ƙasa za a ajiye shi, kuma wa zai gani? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman.

Akwai hujja mai ƙarfi a hannun masu ɗari-ɗari, kuma ba daidai ba ne a wuce ta. Na'ura mai tsanani za ta ƙara yawan rahotannin da ke cewa wanki bai yi ba. A inda likitocin wannan fanni suke 'yan ƙalilan, kowane maimaici yana cin gurbin wani da ke zubar da jini yana jiran layi. A inda mafi yawan mutane ke biya daga aljihunsu, maimaici na nufin wani kuɗin mota daga Gumel ko Kontagora, wani kuɗin magani, wani kuɗin aiki. Likitan da ya mayar da 1 zuwa 2 a irin wannan hali yana iya ganin tausayi ya yi. Amma tausayin da aka yi a ɓoye ya ƙwace wa majinyaci zaɓi. Yana iya yiwuwa, bayan an auna shekarun mutum da tarihin danginsa da dalilin zuwansa, a yanke cewa maimaicin zai iya jira. Wannan hukunci ne na likita, kuma halal ne. Abin da bai halatta ba shi ne mutumin ya koma gida yana zaton an ga hanjinsa duka, ya yi watsi da jinin da zai gani bayan shekara biyu saboda an ce masa lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma batun abin da dogaro da na'ura ke yi wa idon mai aiki. A 2025 mujallar Lancet Gastroenterology and Hepatology ta buga nazari daga cibiyoyi huɗu a Poland, inda aka shigo da manhajar da ke nuna wa likita tsiro a allo. Bayan 'yan watanni, a binciken da likitocin suka yi ba tare da manhajar ba, yawan gano adenoma ya sauka daga kashi 28.4 zuwa 22.4 cikin 100. Nazarin lura ne, bai tabbatar da sanadi ba, kuma ya shafi gano tsiro ne, ba ba da makin tsabta ba. Duk da haka gargaɗin ya isa, musamman ga wuraren da wutar lantarki ko intanet ko kuɗin sabunta lasisi ke iya yankewa a kowane lokaci, likita ya koma ga idonsa.

Tsarin da ya fi dacewa, saboda haka, shi ne wanda ya ajiye na'ura a kujerar shaida, ya bar likita a kujerar alƙali. Likita ya fara ba da makinsa na kowane sashe kafin ya ga nata. Idan sun saɓa a kan iyakar 1 da 2, tun tiyon yana ciki, ya koma ya wanke ya sake dubawa, ko ya rubuta dalilin da ya sa ya tsaya a kan ra'ayinsa. Makin biyu su fito a rahoton da ake ba majinyaci, sashe-sashe, ba jimilla kaɗai ba, domin 3 da 3 da 1 sun haɗa 7, lamba mai kyan gani da ke ɓoye sulusin hanji, kuma ɓangaren dama, inda wanki ya fi yawan gazawa, nan ne tsiro masu shimfiɗe da ke da wuyar gani suka fi zama. Inda babu manhaja ma ana iya kama rabin wannan amfani: a ajiye hoton kowane sashe, wani likita dabam ya riƙa zaɓar wasu duk wata yana ba su maki ba tare da ya ga na abokin aikinsa ba.

Abu guda ya rage da babu manhajar da za ta warware shi, kuma shi ne zai nuna ko asibiti da gaske yake. Tun kafin a kunna na'urar, hukumar asibiti ta rubuta wanda zai ɗauki kuɗin maimaici idan wanki bai yi ba. Idan majinyaci ne zai biya cikakken kuɗi karo na biyu, ko da kuwa takardar da aka ba shi da Turanci take kuma ba wanda ya kira shi, to likita zai ci gaba da jin nauyin faɗa masa, kuma za a samu hanyar kauce wa lambar da ke allo kamar yadda aka samu hanyar kauce wa wadda ke ƙwaƙwalwa. Ragin kuɗi a kan maimaici, da gurbi ɗaya ko biyu da aka keɓe a jadawalin kowane mako don waɗanda za a sake wa washegari tun hanjinsu bai sake cika ba, su ne abubuwan da ya kamata su shiga kasafin kuɗin tare da farashin manhajar.